Kwana Huɗu Tauraron Bai Yi Magana Ba

A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, kusa da unguwar Glenwood, Sirajo ya fara ganin Raihana. Ta shigo tana neman wanda ke haɗa kyamarar ƙaramin tauraron ɗan'adam da sashensu zai harba. Shi ne. Ita kuwa hotunan take jira, domin bincikenta kan ambaliyar kogin Haɗeja.

"Kyamarar nan za ta bambance ruwa da laka?" ta tambaye shi.

"In ba ta iya ba, zan koya mata," in ji shi.

Sai da suka yi wata takwas suna aiki tare ya fara kiran ta Rai, ita kuma tana ce masa Injiniya.

Mahaifinta, Alhaji Garzali, mazaunin unguwar Pleasant Garden, bai yi na'am da soyayyarsu ba. Ya fi son Hisham, ɗan amininsa, likitan haƙori.

"Yaron da ya shekara huɗu yana haɗa akwati guda? In ya ɓace a sama, sai me?"

Ranar Talata aka harba tauraron. Ya rabu da roka lafiya, daga nan shiru. Sirajo ma ya ɗauke ƙafa, domin shi ya sa hannu a gwajin ƙarshe. Saƙo uku Raihana ta tura, ba amsa. Ta tura na huɗu:

"Injiniya, in ka fasa ne ka faɗa min. Asabar iyayen Hisham za su zo."

"Rai, ban fasa ba. Da wace fuska zan tsaya gaban Baba?"

"Da wadda Allah Ya ba ka. Ka zo gobe."

Da hantsin Juma'a ya durƙusa a falon Alhaji.

"Baba, tauraron bai amsa ba har yanzu, kuma mai yiwuwa kuskurena ne. Duk da haka ina son Raihana."

Alhaji ya dube shi.

"Wa ya ce ka gaya min haka?"

"Ba kowa, Baba."

Alhaji ya kira 'yarsa, ya tambaye ta a gabansa. Ta sunkuyar da kai ta ce shi take so. Ya ɗauki waya ya ba amininsa haƙuri.

Washegari batirin tauraron ya sha rana, sigina ta shigo. Bayan sati biyu hoton farko ya iso, ruwa daban, laka daban.

A watan Mayu aka ɗaura aure. Da jama'a suka shafa fatiha, Alhaji ya riƙe hannun angon bai saki da wuri ba.

"Ga amana nan, Sirajo. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Baba."