Ganyen da Tuntuni Ta Ɗinka

Bayan gidan su Shiuli akwai 'yar gonar yalo a bakin kududdufi. Ranar Juma'a ba makaranta, sai kakarta, wadda take kira Nani, ta miƙa mata kwando.

"Tsutsa ta shiga yalo," in ji Nani. "Duk ganyen da ya nannaɗe, ki leƙa cikinsa. In tsutsa ce, ki tsinke."

Shiuli sauri take ta tafi wasan igiya. Ta dinga tsinka, ba ta leƙawa. Can ta fizgo wani babban ganye, ta ji shi da nauyi. Ta buɗa. 'Ya'yan tsuntsu ne uku, ko gashi babu, sun wangale baki.

"Nani! Na yi ɓarna!"

Nani ta fito tana goge hannu da gefen zanenta. Ta duba.

"Kunnuwan nan naki na rataya 'yan kunne ne kawai? Tsutsa da yawu take manne ganye. Wannan ɗinki ne. Ga huji, ga zaren auduga. Gidan tuntuni kika cire, 'yar tsuntsuwar nan tela."

Shiuli ta fashe da kuka. "Mutuwa za su yi?"

"In uwar ta ƙi dawowa. Share hawaye, ɗauko min allurar bargona."

Nani ta yi bismillah, ta ɗinke ganyen a jikin wasu biyu, daidai reshen da aka tsinke shi. Suka koma bayan ayaba suka tsuguna.

"Yaya zan gane uwar?" Shiuli ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Baya kore, ciki fari, goshi ja kamar ta sa lalle. Wutsiya kullum a ɗage."

Wata tsuntsuwa ta sauka kan shinge tana waƙa.

"Ga ta!"

"Ina kika ga kore, sarauniyar gaggawa? Baƙi da fari kam ai wata tsuntsuwa ce daban, doyel. Yi shiru."

Tururuwa ta ciji ƙafar Shiuli, ba ta motsa ba. Addu'a kawai take a ranta. Har aka kira salla. Sai ga "tuwit, tuwit" daga cikin yalo. Kore, jan goshi, wutsiya a sama! Tsuntsuwar ta zagaya, ta leƙa ɗinkin Nani, ta ja da baya. Sannan ta shige, da tsutsa a bakinta.

"Alhamdu lillahi," in ji Nani. "Kin gani? Aikin da na sa ki, ita ma shi take yi mana."

Bayan kwana goma, Shiuli ta ƙirga 'yan tuntuni uku a kan shinge. Ta gode wa Allah, ta rungume Nani.

Tun daga ranar ta riƙe abu ɗaya: kada hannu ya riga ido. A duba tukuna, sannan a taɓa.