Sati Shida Kawai Na Roƙa

"Ba zan ɗaure ba!"

Na faɗa ina janye hannuna daga kan gwiwarsa ta hagu.

Mu'awiya ya tashi zaune a kan gadon gashi, yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Ruma... me kika ce?"

"Na ce ba zan ɗaure maka ita ka shiga fili ba. Jijiyar ta soma yagewa, bandeji kuwa ba ya ɗinke jijiya."

"Ranar Asabar fa ake fainal!"

"Na sani."

Wallahi na fi shi sani.

Sunana Rumasa'u, gashin ƙashi ne aikina a wani ƙaramin asibiti nan Mubi, ni ce kuma mai duba 'yan ƙwallon unguwar Lamorde. Shekara biyu ina fama da su a kan su ɗumama jiki kafin wasa, su ƙarfafa cinya, su sa ƙanƙara a sabon targaɗe maimakon ruwan zafi. Ina! Sai su diro daga kan mashin su faɗa fili kamar an kwance awaki. Mu'awiya ne kaɗai mai tsayawa ya saurara, ya ma yi tambaya. Daga tambaya har zuciyata ta tafi.

Baba kuwa ɗan kasuwa ne da ya taso daga Borno, magana ɗaya yake yi.

"Ba zan ba mai bin ƙwallo a rana 'yata ba. In wani kulob ya ɗauke shi aiki bana, ya turo manyansa. In ba haka ba, kada in ƙara ganinsa a ƙofata."

Ranar Asabar ɗin nan masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga Yola.

"Sanyin idona," Mu'awiya ya sassauta murya, "don ke fa zan buga. Minti casa'in kacal, shi ke nan mun zama na juna."

"Juyi ɗaya ya isa ya tsinka ta. Ka ba ni sati shida. Kullum mu yi atisaye, cinyar ta yi ƙarfi ta riƙe gwiwar, ka koma fili lafiya..."

"Sati shida? Mutanen Yola za su zauna jirana ne? Ko Baba ne zai jira?"



Ya sauka daga gadon yana cije leɓe, ya fita bai waiwayo ba.

Ranar Juma'a na shiga kemis sayen safar hannu, sai ga Huda a bayan kanta. Tun muna sakandare take son Mu'awiya, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

"A'a, likita!" ta ce tana wani murmushi. "An ce kin kasa, ko? Kada ki damu, na samo masa allura. Gobe ko an sare ƙafar ba zai ji ba."



"Huda, ciwon nan shi ne ke gargaɗinsa! In kin kashe shi, da me zai san ya tsaya?"

"Ke dai ce ba kya son auren. Na kuma gaya masa haka."

Daga nan ban zarce gida ba. Na sami Koci Gabdo a bakin fili yana zuba toka a kan layi, na zayyana masa komai. Dattijon ya ajiye tokar ya dube ni.

"Malama, kin tabbata? In na cire shi, mun rasa kofi. Ke kuma kin san abin da za ki rasa."

"Na tabbata, Baffa."

Na faɗa hawaye na zuba, don ina ji a jikina da hannuna nake rushe aurena.

Asabar ta zo, Mu'awiya ya ƙare wasan a kan benci. Aka ci Lamorde ɗaya da nema. Mutanen Yola suka rubuta sunan wani ɗan wasan Muchalla, ƙungiyar da ta ci mu, suka shiga motarsu.

Ya tare ni a bakin ƙofar fili, idanunsa jajir.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"A bayan idona, Ruma? Ƙafata ce fa! Rayuwata ce!"

"Na gwammace ka tsane ni kana tafiya da ƙafarka..."

"To kin samu!"

Baba bai canja magana ba. Na durƙusa na ce masa ni na hana Mu'awiya buga wasan, ya ce wannan tsakanina da aikina ne. Mu'awiya ya daina ɗaga wayata. Na rubuta atisayen sati shidan nan a takarda, rana bi rana, na ba Koci, ban ma sa sunana ba.

Na rame har Inna ta soma karɓo mini rubutun sha.

Bayan wata goma, ina cikin naɗe bandeji da hantsi, na ji sallamar da ko a mafarki na san mai ita.

Mu'awiya ne, ya ƙara cika, jaka a kafaɗarsa.

"Wani kulob ya ɗauke ni. Yau zan tafi."

"Alhamdulillahi!" Ta kuɓuce mini tun daga zuciya.

"Likitansu ya duba hoton gwiwar. Ya ce da na buga ranar nan, da ni da ƙwallo har abada." Ya sunkuyar da kai. "Na san rubutunki ne a takardar. Ban tsallake ko rana ɗaya ba. Ki yafe mini, Ruma."

"Na yafe tuni."

Kulob ya ɗauke shi... ko Baba zai sassauta...

"Ruma," ya ce a hankali, "watan jiya aka ɗaura mana aure da Huda. Ina cikin fushi na ba da magana, manya suka shiga. Ban so ki ji a bakin wani ba."

Na riƙe ƙarfen gadon da kyau.

"Allah ya ba da zaman lafiya."

Ya juya ya fita.

Na bi shi har baranda. Ina kuka, kuka sosai, amma idona yana kan ƙafar hagun nan. Ya sauka matakala bibbiyu, ya tsallake kwata, ya sheƙa da gudu ya tari Keke Napep.

Ko sau ɗaya gwiwar ba ta karkace ba.