Hannun Ni'imatu a Jirgin Dibba

"Miƙo min hannunka mana, ba ka ga katakon yana rawa ba?"

Zainul Abideen ya dubi hannun da Ni'imatu ta miƙo masa, ya dubi ruwan da ke tsakanin gaɓa da jirgin. Sai ya zare hiramin da ke wuyansa ya miƙa mata gefe ɗaya.

"Kama nan."

"Wai har yau, Zain? In na faɗa ruwa fa?"

"Sai in bi ki mu nutse tare. Amma hannu kam, sai an shafa fatiha."

"Ustazun Jebel Ali," ta ce tana harararsa, amma ta kama hiramin ta tsallaka tana dariya.

Shekara biyu ke nan suna tare, ko yatsanta bai taɓa taɓawa ba. Shi ɗan Gusau ne, yana aikin fiton kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da ke Dubai. Ita 'yar Maraɗi ce, tana taya mahaifiyarta tsaron shagon yadi a Bur Dubai. Wata kwantenarsu da ta maƙale a tasha ce ta haɗa su.

Yau ranar haɗa iyaye ce. Mahaifiyarsa, Hajiya Sauda, ta zo daga gida don ta ga yarinyar. Ni'imatu ce ta kawo shawarar jirgin ruwa, domin gidansu cike yake da dilolin kaya da 'yan saro, ɗakinsa kuwa a unguwar Satwa na gwauraye ne. Suka baro Dubai da asuba, kowa a motarsa, suka haɗu a tashar jiragen ruwa ta garin Dibba.

"A kan ruwa babu inda Maman za ta gudu," ta ce masa tun a waya. "Dole su zauna su yi hira."

Mahaifiyar Ni'imatu, Hajiya Salamatou, ce ta shigo ƙarshe, waya a kunne. "Khalas, shi ke nan, na ce maka gobe. Yau ina da surukai." Ta kashe, ta nufi inda Hajiya Sauda ta takure a kan darduma, ta ja mayafi har kan hanci. Suka gaisa a mutunce, kowacce idonta a ƙasa.

Jirgin katako ne ƙarami, mai rumfa da matasai. Ban da su akwai wasu Turawa mata da miji, da iyalin wani Ba'indiye, da 'yan matan Filifin masu ɗaukar hoto. Aka kunna inji, gari ya fara ja da baya. Duwatsu masu launin toka suka jeru har cikin teku, a gindinsu fararen gidaje da ƙananan masallatai, ga masunta suna jan koma da tsohuwar mota a bakin yashi.

Ni'imatu ta zauna nesa kaɗan da Zainul, tana satar kallon iyayen.

"Umma ba ta ce komai ba," ta raɗa masa. "Ko ban yi mata ba?"

"Kin yi mata. Da ba ki yi ba, da yanzu ta fara yi mini zancen 'yar ƙanwarta."

"Kana da 'yar ƙanwar uwa ashe? Yau nake ji."

"Habibti, shekararta tara."

Ba a jima ba jiri ya kama Hajiya Sauda. Hajiya Salamatou ta buɗe jaka ta ciro lemun tsami da kanumfari.

"Tsotsi wannan, Hajiya. Ba ki saba da ruwa ba ne."

"Wallahi rabona da ruwa tun ina shiga abra, kwale-kwalen fiton nan na Dubai, lokacin da nake zuwa saro. An fi shekara ashirin da biyar."

"A'a, ashe ke ma tsohuwar 'yar Dubai ce. Ina kike sauka?"

"Wani bene a Bur Dubai, saman shagon mai shayi. Mu mata ne zalla, mun cika ɗaki har baranda."

Hajiya Salamatou ta tsaya da yankan lemun. "Mai fanka guda ɗaya da ke kuka kamar akuya?"

Hajiya Sauda ta sauke mayafinta. Suka zuba wa juna ido.

"'Yar Gusau?"

"Maman Nasiru?"

Suka rungume juna, kuka da dariya a haɗe, har Turawan suka juyo. Ni'imatu ta dafe ƙirji don murna. Nasiru yayanta ne, ya rasu tun tana firamare, kuma ta daɗe ba ta ji an kira mahaifiyarta da sunansa ba.

"Ka gani?" ta ce wa Zainul. "Shi ke nan, aure ya ɗauru."

A wancan zamani haka matan saro suke yi. Mai goyo ba ta iya yawon kasuwa da jariri a zafin Dubai, don haka suka raba kwana: yau wannan ta fita, waccan ta zauna da 'ya'yan, gobe a juya. Yaro in ya yi kuka, wadda ke gida ta sa masa nono. Ba wadda ta tambayi sunan yanka, ba wadda ta gaya wa miji da ta koma. Sun ɗauke shi taimako, kuma taimakon ne. Amma nono ba ruwan randa ba ne da za a ba kowa a manta, kuma babu wadda ta tsaya ta yi wannan tunani a cikinsu.

"Ina Babangida?" Hajiya Salamatou ta tambaya tana share hawaye. "Ina ɗana mai kukan tsiya? Yaron nan ya kusa ƙarar da ni. Ke kina can kasuwar Deira kina cinikin takalma, ni ina nan, Nasiru a dama, shi a hagu. In na cire shi ya ƙwala ihu sai mai shayi ya leƙo. Yana ina yanzu? Ya yi aure?"

Lemun ya faɗi daga hannun Hajiya Sauda ya gangara ƙarƙashin benci.

"Wannan ai ƙaninsa ne ko?" Hajiya Salamatou ta nuna Zainul, murmushinta yana raguwa.

"Ba shi da wa," Hajiya Sauda ta ce da ƙyar. "Sunan kakansa ne da shi, shi ya sa muke ce masa Babangida."

Zainul ya ajiye wayar da yake ɗaukarsu da ita. Ni'imatu ce kaɗai ta rage tana dariya. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Mene ne? Maman, mene ne?"

Injin jirgi ya ci gaba da gurnani.

Da suka iso Khor Fakkan aka ce kowa ya sauka ya zaga gari. Iyayen ba su motsa ba. Zainul ya fita, Ni'imatu ta bi shi ba tare da ta nemi hirami ba. Suka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dabino a bakin titi, yara suna wasan keke a gabansu.

"Da Yaya Nasiru ka sha nono," ta ce da sauri. "Ba da ni ba. Ni ko cikina ba a yi ba lokacin. Shi ne ɗan'uwanka, ni ina ruwana?"

"Ni'ima..."

"A unguwarmu an yi haka. Aka ce wanda aka sha tare da shi kaɗai ne ya haramta."

"Waɗanda suka faɗa ba su sani ba. Macen da ta shayar da ni uwata ce. Duk abin da ta haifa, kafin ni ko bayana, 'yan'uwana ne."

"To ai wasu malamai sun ce in sau ɗaya ne ko biyu..."

"Kin ji abin da Maman ta ce. Duk ranar da Umma ta fita kasuwa. Kuma ba zuwa ɗaya suka yi tare ba."

"Ka kira malaminka."

"Zan kira. Amma na san abin da zai ce, ke ma kin sani."

"Ban sani ba! Ni ban san komai ba, sai dai na san an kai ɗinkin lefe Satwa, na san na zaɓi labule..." Muryarta ta karye. "Zain, labule fa na zaɓa."

Ya juya mata baya, kafaɗunsa suna rawa. Da aka busa ƙahon jirgi suka koma, kowa da tazararsa.

Aka kawo abinci, shinkafa da gasasshen kifi. Ba'indiyen ya miƙo musu faranti yana murmushi, ya ce ya ji biki za a yi, Allah ya sanya alheri. Zainul ya karɓa ya yi godiya. Farantin ya huce a gabansu.

Bayan azahar jirgin ya tsaya a wani ɗan tsibiri, dutse ne da siririn yashi. Sauran suka sa tabarau na ninƙaya suka faɗa ruwa kallon kifi. Hajiya Salamatou ta sauka ta zauna a kan wani falalen dutse, ta yi tagumi. Ni'imatu ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Maman, ki ce kin manta."

"Me zan ce na manta?"

"Ki ce ɗan wata ne. Ai yara da yawa ne a ɗakin. Ko ki ce madarar gwangwani kika ba shi. S'il te plaît, don Allah, Maman. Mu huɗu ne kawai muka ji. Waɗannan ko Hausa ba sa ji."

"Yana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu," uwar ta ce a hankali. "Da shi nake wasa in yana sha."

Ni'imatu ta san tabon. Ta sha tsokanarsa a kai.

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Kin ce in bar karatu a Yamai in zo in riƙe miki shago, na zo. Yau ɗaya nake roƙo."

Hajiya Salamatou ta fashe da kuka. "Ni na cuce ki, 'yata. Da bakina ya yi shiru... Je ki. In shi ya yarda, ni ba zan ƙara tayar da maganar ba. Allah ya yafe mini."

Wannan ba tausayi ba ne, rauni ne, kuma iyaye da yawa ba sa bambance su. Ni'imatu ta tashi da gudu-gudu.

Ta sami Zainul a ɗaya gefen tsibirin, ya naɗe ƙafar wando, ruwa yana dukan sawunsa.

"Maman ta ce ba ta da tabbas."

"Ta ce, ko kin sa ta ce?"

Ta kau da kai.

"Umma ma ta kira ni," ya ce. "Ta ce in ina so, ita ba ta ji komai ba." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin ga, kowa ya ba mu hanya. Saura mu."

"To mu bi mana."

Ya juyo. Idanunsa sun yi jajir, bai ɓoye hawayen ba.

"Ni'ima, zan gaya miki gaskiya. Ba ni da ƙarfin da kike zato. Tun Khor Fakkan nake neman ƙofa, kamar yadda kike nema. In kika dube ni yanzu kika ce in aure ki a haka, wallahi ban san ko zan iya ce miki a'a ba. Zan iya yi. Sai mu zauna a ɗaki ɗaya, kullum in dube ki in san ko ke wace ce. Mu haifi 'ya'ya, su yi ta kiran Maman kaka, ita kuma ta kasa haɗa ido da su." Ya haɗe hannuwansa biyu. "Don girman Allah, kada ki ce. In kina sona, kada ki ce."

Maganar tana bakinta. Kalma uku ce ko huɗu, kuma ta ga a fuskarsa cewa in ta furta, ya faɗi. Shekara biyu yana tsare ta daga kansa, ko a lif ba ya yarda su shiga su biyu. Yau shi ne yake roƙon ta tsare shi.

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta durƙushe a cikin yashi ta cusa mayafi a baki don kada 'yan jirgi su ji.

Ba ta ce ba.

Jirgin ya juya ya kama hanyar komawa. Garuruwan da suka wuce da safe suka sake wucewa ɗaya bayan ɗaya, masuntan sun tafi, sai sawun mota a kan yashi. 'Yan matan Filifin suna nuna wa juna hotuna. Iyayen biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowacce tana jan carbi, ba mai kallon 'yar'uwarta.

La'asar ta yi sanyi suka iso Dibba. Ruwa ya janye, katakon ya ƙara tsayi da gangara. Kowa ya sauka, Ni'imatu ce ƙarshe. Ta taka, ta tsaya a tsakiya. Idonta ya kumbura, ba ta ganin gabanta sosai.

Zainul ya kai hannu wuyansa zai zare hirami.

"Kai," Hajiya Sauda ta ce daga bayansa, muryarta a dishe. "Bar wannan. Kama hannun ƙanwarka kada ta faɗi."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya miƙa.

Ta sa hannunta a cikin nasa. Da ɗumi, da kantar aiki a gindin yatsu, ya fi yadda ta zata girma. Ta sha kwatanta wannan rana a ranta: da lalle a hannunta, da ƙamshin turare, da guɗa a waje.

Ya sauko da ita a hankali har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Bai saki ba, ita ma ba ta saki ba. Babu wanda ya tsawata musu, domin yanzu babu laifi a ciki.

Ita ce ta fara zare hannunta. Ta dunƙule shi ta ɓoye cikin mayafi, ta bi bayan mahaifiyarta zuwa mota.