Inda Shanu Suka Kwanta

Hayaƙin ne ya fara ɗaukar hankalin Mashkura, ba saurayin ba.

Asabar uku a jere, duk sanda ta taso daga darasin ƙarshen mako da take ba ɗalibanta a bakin garin Dutse, sai ta hango baƙin hayaƙi yana tashi daga kan wani ƙaton dutse, can inda gidaje suka ƙare. Ba gona ake ƙonawa ba, ba kuma bola ba. Ita kuwa Allah ya yi ta da son sani, a gidansu ma 'Yar Tambaya ake ce mata. A Asabar ta huɗu ta ce wa mai adaidaita ya sauke ta.

Wani dogon saurayi ta tarar, fuska duk toka, yana tura tsofaffin tayoyi cikin wuta a saman dutsen. Wani dattijo yana zaune a inuwa da guduma a gefensa. Ta yi sallama, ta matso, sabon takalminta ya nutse cikin kashin shanu.

"Don Allah me dutsen nan ya yi maka?" ta tambaya tana goge ƙafa a ciyawa.

Saurayin ya leƙo daga sama, ya kalle ta, ya manta da tayar da ke hannunsa.

"A tsakiyar ɗakina yake zaune," in ji shi.

Sunansa Zuhair, ɗan Aujara, ƙaramin ma'aikaci a sakatariya. Shekara shida yana haya a ɗaki ɗaya. Duk sanda ya tara kuɗin fuloti, sai ya tarar farashi ya yi gaba ya bar shi. Rannan wani dillali ya nuna masa wannan da kowa ya ƙi, saboda dutse ya cinye fiye da rabinsa. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin maƙwabtansa aka yi masa. Ya haɗa kwasar adashinsa da rancen ƙungiyar ma'aikatansu, wanda babu ruwa a ciki, ya biya.

"To ka sayi dutse. Sai kuma yaya?"

Dattijon ne ya amsa, Malam Ɗan'inna, wanda ya shekara arba'in yana fasa dutse. Ya ce gasa shi ake yi da wuta, a kwara masa ruwan sanyi, ya tsage, sannan guduma ta shiga. Manyan a ajiye don harsashin gini, ƙananan a mayar da su tsakuwa a sayar wa masu tifa. Shi da Zuhair raba daidai suke yi. Rabon Zuhair a kowace tifa yana zama bulo.

Suka kwara ruwan a gabanta. Dutsen ya yi wata ƙara kamar an karya babban reshe, tsaga ta bi gefensa har ƙasa. Mashkura ta ja da baya, sannan ta dawo ta sa yatsa kusa da tsagar. Ta tambayi tayoyi nawa ake ƙonawa, da bulo nawa ɗaki ke ci, da dalilin da ya sa kashin shanu ya taru a gefe ɗaya kawai. Zuhair ya ce shanun wata ruga ce ta bayan tsauni, kullum sai sun zo sun kwanta a gindin dutsen ta yamma, ya kora har ya gaji.

Da za ta tafi ya ce shi ma yana da tambaya guda, lambar wayarta. Kafin magariba saƙonsa ya shigo.

"Assalamu alaikum Malama. Na ƙirga, tambaya goma sha bakwai kika yi mini yau. Ni ɗaya ta rage mini: Asabar mai zuwa za ki zo? Dutse ya ce tun da aka halicce shi ba a taɓa tambayar laifinsa ba sai yau."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Wa alaikumussalam Mai Dutse. Ka ce masa ina tafe. Amma a share kashin shanun nan, takalmina na fita ɗaya ne."

Wata biyu bayan nan Zuhair ya fara zuwa zance gidansu. Ba ya zuwa da turare ko shawarma kamar samarin ƙawayenta. Labari yake kawo mata: an ɗauki tifa ta shida, bulo ya kai ɗari takwas. Ita kuma ta tare shi da tambayoyin da ta tara masa tun safe. Abin da ya fi kama zuciyarta shi ne bai taɓa ƙosawa ba. In bai sani ba sai ya ce, "Hasken idona, ba ni kwana biyu in tambayo."

Da maganar aure ta je gaban mahaifinta, Baffa Modibbo, sai ta tsaya.

Baffa a ruga aka haife shi, wajen Ringim, boko ta kawo shi birni. Shekara talatin da biyar yana zaune a gidan ma'aikata. Da ya yi ritaya wata uku aka ba shi ya kwashe. A shekara huɗu sau uku yana ɗora gadon Inna Safara'u, mahaifiyar Mashkura, a bayan akori-kura daga gidan haya zuwa gidan haya, kafin ya samu ya gina ɗan inda suke. Tun daga nan ya yi alkawari 'yarsa ba za ta tare a gidan da wani zai ƙwanƙwasa ya ce a tashi ba.

Ya sa babbar riga ya je ganin fulotin. Ya zagaya dutsen sau ɗaya, hannuwa a baya.

"Zuhair, na ga dutse. Ina gidan?"

Zuhair ya durƙusa, ya zaro zanen da ya yi a takarda, ya fara bayanin tifa da bulo. Baffa ya saurara har ƙarshe, don ba mutum ne mai katse magana ba.

"Yaro, 'yata ba ƙadangaruwa ba ce. Na ba ka zuwa kaka. In an yanke gero ban ga ciki da falo da rufi da katanga a nan ba, akwai mai jira."

Mai jiran Faisal ne, ɗan abokin Baffa, ma'aikacin wani kamfani. Yana da gida mai ɗaki uku a sabon rukunin gidaje, har da tayil. Ranar da ya zo zance, hotunan gidan ya yi ta nuna mata a waya. Mashkura ta yaba, sannan halin ya motsa. Ta tambaya takardar gidan tana hannun wa. Ya ce tana banki. Har yaushe? Shekara ashirin, ana cira daga albashi. To in aikin ya tsaya fa?

Faisal ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ke dai ki shiga ki zauna. Tambayar nan ta yi miki yawa."

Ba ta ga muguntarsa ba. Ta dai hango kanta shekara ashirin tana haɗiye tambayoyi. Da ta kai wa Baffa maganar takardar, sai ya ce ko ba komai akwai rufi a kai.

Sai kuma dutse ya juya wa Zuhair baya.

Farkon damina ɓawon waje ya ƙare, aka tarar da zuciyar, baƙa ƙirin mai santsi. Sau uku suna gasa ta, ko gezau. Malam Ɗan'inna ya ajiye guduma ya ce a rayuwarsa sau biyu ya taɓa gamuwa da irinta, nakiya kaɗai take ji, nakiya kuwa ba a sa ta kusa da gidajen mutane. Bulon da Zuhair ya tara zai yi ciki da falo, amma ba zai kai katanga ba. Kuma a zanensa, ɗakunan daidai inda dutsen yake zaune suke.

Saƙonninsa suka gajarce, zuwa zance ya koma sai an kwana biyu. A bakin Faisal Mashkura ta ji sauran, wai ya haɗu da dillali, Zuhair ya sa fili a kasuwa. Ta shiga ɗaki ta rubuta masa.

"Na ji ka sa fili a kasuwa, kuma a bakin Faisal na ji. In ni ma ka haƙura da ni ne, ka faɗa mini da bakinka, kada in ji wurin dillali."

Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta zo.

"Hasken idona, in haƙura da ke in kama wa? So nake in sayar, in biya kuɗin shiga irin gidan su Faisal, ko shekara ashirin zan yi ina biya. Kunya ce ta hana ni gaya miki dutse ya kayar da ni. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna. Gobe mu haɗu a wurin. Ina da tambaya."

Kwana aka yi ana ruwa, irin na watan Agusta. Mai adaidaita ya ƙi ƙarasawa, sai da ƙafa ta shiga. Fulotan maƙwabta duk sun zama tafki, bulon wani yana tsaye cikin ruwa har layi biyu. A fulotin Zuhair kuwa, shanu goma sha ɗaya ne kwance ta yammacin dutsen suna tuƙa, ƙasar da ke ƙarƙashinsu a tsane. Ya ɗauki kara zai kora, ta ce ya dakata.

"Wai wa ya ce dole sai an fasa shi duka?"

Ya ce zanen ne ya nuna haka.

"Wa ya yi zanen?"

"Ni."

"To dutsen ya gani?"

Ya sauke karan. Ta ce kada ya taɓa saniya ko ɗaya, tana dawowa.

A gida ba ta ambaci Zuhair ba. Ta durƙusa gaban Baffa ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai, kuma ta san duk garin nan shi kaɗai zai warware mata: me zai sa shanu su bar daji mai faɗi, su nace wa wuri ɗaya, a kore su su dawo? Baffa ya ajiye rediyo. Ya gane inda aka dosa, amma ya ɗauki sandarsa.

Da suka isa bai ko amsa gaisuwar Zuhair sosai ba. Ya bi sawun ruwan da ya gangaro daga tsauni, ya ga inda ya daki dutsen ya rabu biyu, ya wuce ta gefe da gefe. Ya shiga tsakanin shanun yana yi musu magana da Fulatanci, ba wadda ta tashi. Ya tsuguna, ya damƙi ƙasa, ya murza ta a tafinsa. Ya daɗe a haka.

"Mahaifina bai taɓa tambayar dillali inda zai kafa bukka ba," in ji shi a hankali. "Shanu yake bi. Inda suka kwanta da damina, nan ne gida."

Ya miƙe ya dubi Zuhair.

"Ruwan gabas ba ya dukan nan, na ƙasa ba ya kwana. Wata nawa ka yi kana ƙona abin da ya fi komai daraja a cinikinka?"

"Goma sha ɗaya, Baffa."

"Allah ya so ka, dutsen ya fi ka taurin kai."

Da sandarsa ya ja layi a ƙasa. Dutsen ne katangar gabas da rabin ta arewa, ba sai an sa bulo ko ɗaya ba. Ɗakuna a nan inda shanu suke. Abin da ya rage na katanga, bulon da ke ƙasa zai isa in an yi tsimi. Harsashi kuwa ga manyan duwatsu nan jibge. Zuhair ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa, idanunsa suka kawo ruwa. Sai ya ce a hankali saura rufi, don tsakuwar da yake sa ran ta sayi kwano ita ce ta ƙi fitowa.

"Baffa," in ji Mashkura, "karsanar da aka ba ni ranar sunana, da ke wurin Kawu a Ringim, ta kai nawa yanzu?"

Baffa ya harare ta, amma gemunsa yana motsi. Ya ce bakwai. Ta tambaya ko bijimi ɗaya zai rufe ciki da falo. Ya ce zai rufe har da canji, kuma dukiyarta ce. Zuhair ya ce ba zai karɓa ba sai an rubuta a gaban shaidu cewa rufin nata ne.

"Ya yi," in ji ta. "Ranar da ka sake ɓoye mini magana, in kwashe kwanona ka kwana da taurari."

Ranar Zuhair ya kira dillali ya ce an fasa sayarwa. Faisal ya ji labari, ya aiko da fatan alheri, ya janye da mutuncinsa.

An yanke gero magina suna kan linta. Baffa ya je ya gani, ya ce shi bai ji an yanke na Ringim ba tukuna. Sati uku bayan nan kwano ya hau. Aka ɗaura aure wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Ɗan'inna yana sahun gaba cikin sabuwar shadda. Da za a tafi da amarya, Baffa ya dafa kanta.

"Ga gidan da ba mai ƙwanƙwasa muku. Allah ya zaunar da ku kamar yadda ya zaunar da dutsen nan, ya ba ku zuriya mai albarka."

Inna Safara'u ta amsa da amin tana share ido da gefen mayafi.

Washegari da hantsi amarya ta ji motsi a ƙofar gida. Ta leƙa. Shanu ne tsaye, goma sha ɗaya, suna kallon sabuwar katanga.

"Mai Dutse, zo ka ga masu gida sun dawo. Yanzu su kuma ina za su kwanta?"

Zuhair ya zo ya tsaya a bayanta. Ya nuna mata wani ɗan fili da ya bari a wajen katanga, a inuwar dutsen, wanda ya hana magina taɓawa. Suna kallo babbar cikinsu ta nufi wurin, ta shinshina ƙasa, ta durƙusa.

Mashkura ta juyo ta dube shi. Karo na farko tun haɗuwarsu ba ta da abin tambaya.

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

"Alhamdu lillahi, hasken idona. Amma kada ki saba da shirun nan."