Tafintan da Ba Ya Shara

Ranar Talata da hantsi, a baje kolin injinan rake na birnin Recife, Seu Evaristo, wato Malam Evaristo, ya ci karo da aikin hannunsa a rumfar wani kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba. Shekara goma sha bakwai ya yi yana gina tafintan nan, manhajar da ke karanta umarnin injiniyoyi layi-layi ta gaya wa injin matsar rake abin da zai yi. Ya matsa kusa, ya rubuta kuskure da gangan. Na'urar ta mayar masa da gargaɗin da shi ya tsara, har da baƙar maganarsa a ciki. Sata ce tsagwaronta.

'Yan sanda suka kwashe na'urar. Ranar Alhamis jami'ar bincike Jussara, wadda ake wa laƙabin girmamawa Doutora, ta iso ofishin su Evaristo. Mutum uku ke iya taɓa tafintan bayan Evaristo.

Ta fara kiran Bira, mai kula da sashen da ke rarrabe jimloli.

"Ina kake ranar sha biyu ga wata?"

"Garin Caruaru, Doutora, kwance da karayar ƙafa. Ƙwallo da 'yan shekara ashirin, ni da furfurata."

Takardar asibiti ta wanke shi. Sai Wagner mai talla, yana ƙamshin turare.

"Ni sayarwa na sani, Doutora. Kwafin nunawa kawai gare ni. Abin da ke cikinsa, ko a jikina."

Sai Dalva. Daga kwamfutarta aka aika fayil ɗin tafintan a ranar sha biyun, ƙarfe uku da minti huɗu na rana.

"Ƙarfe uku kofi nake sha," in ji ta. "Kowa ya sani."

"Kin kulle kwamfutar?"

Tunda Dalva take ba ta taɓa kullewa ba.

"Kafin yamma zan tafi da ita," Doutora ta gaya wa Evaristo.

Shekara tara suna tebur ɗaya da matar nan, ga shi yanzu shi ma ya fara kallonta da wani ido, abin da ya fi komai ba shi kunya.

"Doutora, ki ba ni awa guda da na'urar da kuka ƙwace."

Aka kawo ta. Ya rubuta layi huɗu: tafinta ya ƙirƙiri kalma, ya yar, ya sake, ba tsayawa. Suka zauna su biyar suna kallo. Wagner ya ce abin ya fi wa'azin Lahadi tsawo, ba wanda ya yi dariya. Evaristo kuwa ya kafe allon da ido, don in na'urar ta ci gaba da aiki, Dalva ta tafi ke nan.

A minti na arba'in na'urar ta fara ja da ƙyar. Sai ta tsaya cak.

Evaristo ya sauke ajiyar zuciya har da dafa tebur.

"Tafinta kamar mai girki yake, Doutora. Kullum yana ɗaukar sabon kwano. Akwai sashen da muke kira mai shara, shi ke tattara waɗanda aka gama da su ya wanke. In babu shi, wuri ya cika, aiki ya tsaya. Wannan kwafin, mai shararsa a kashe yake."

"Wa ya rubuta mai sharar?"

"Ni," in ji Dalva, idonta jajur. "Ni zan saci tafinta in bar shi ba shara? Ai ko ɓarauniya ce ni, ba na ƙazamin aiki!"

"Kwafi ɗaya tak muke kashe wa," Evaristo ya ci gaba. "Wanda ake nuna wa masu saye, don ya yi gudu. Nunin ba ya wuce minti goma sha biyar, bai taɓa kaiwa ga cika ba. Wanda ya san cikin tafinta ba zai ɗauke shi ba ko kyauta. Sai wanda ya ga ya fi sauran sauri, ya ɗauka shi ne mafi kyau."

Doutora ta juya a hankali. "Seu Wagner, ɗazu ka ce wane kwafi gare ka?"

A wayar Wagner aka samu saƙonninsa da mutanen rumfar, har da wanda yake yi musu alfahari cewa ya zaɓo musu mai gudu. Ya jira Dalva ta tafi shan kofi ne, ya aika daga kujerarta.

Da aka fita da shi, Dalva ta zauna, ta yi kukan da ta riƙe tun safe. Bira ya turo mata guntun rogo soyayye, ta ci tana share hawaye.

"Seu Evaristo, faɗa min gaskiya. Ka zarge ni?"

Ya so ya yi ƙarya, bai iya ba.

"Na zarge ki, Dalva. Har sai da na'urar ta tsaya."

"To kai za ka haɗa kofin yau, tsoho. Da na gobe."

Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta kulle kwamfutarta.