Farantan da Suka Yi Ja

Da Sufeto ya iso ɗakin gwaje-gwajen, ya tarar da Dakta tsaye gaban firji a buɗe, cikin fushi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa ko na'ura ɗaya ba. 'Yan farantan gilas kawai aka kwashe.

"Me ke cikinsu?" ya tambaya.

"Wata ƙwayar cuta ce, bakteriya, da ba a taɓa gani ba. A ruwan sanyaya injin masana'antar ƙarfe na samo ta. Ma'aikata na kwance asibiti suna tari kamar ransu zai fita, likitoci na lalube. Saura kaɗan in gano danginta a san maganinta!"

"Sai ki sake ɗebowa."

"An zubar da ruwan, an wanke tankin tas."

Ran Sufeto ya ɓaci. Wannan ba satar ɓarawon unguwa ba ce.

"Idan na gan su, yaya zan gane su?"

"A firji farare ne. A cikin tanki kuwa ido ba ya ganin komai. Amma in sun sha zafin rana, ja suke komawa. Ban gaya wa kowa wannan ba tukuna."

Ya fara da mai gadi. Tsohon ba shi da makulli, kuma ya rantse bai bar bakin ƙofa ba sai da ya je sallar La'asar. Sai Dogo, abokin aikin Dakta, wanda kowa ya san suna 'yar tsama. Shi yana da makulli, amma a asibiti ya wuni yana karɓar majinar marasa lafiya, nas-nas sun shaida.

"Wa kuma ke iya kaiwa ga makullinki?" Sufeto ya tambaye ta.

"Yayana ya zo gidana cin abincin rana. Shi ne manajan masana'antar. Amma haba!"

Aka kira Manaja. Ya shigo yana huci, ko kallon Sufeto bai yi ba.

"Ke yanzu 'yan sanda kika kira mini? Ni da na tsaya miki kika yi karatu?"

"Yaya, tambaya kawai za a yi maka."

"A rufe mana masana'anta, mutane su rasa abinci, saboda wani jan datti a faranti?"

Sufeto ya miƙe a hankali. "Ranka ya daɗe, wa ya ce maka ja ne?"

Manaja ya kau da kai, Sufeto ya ci gaba.

"A firji fari ne, a tankinka ba a ganinsa. Wanda ya fitar da shi ya bar shi a rana ne kaɗai ya gan shi ja. Ka ɗauki makullin a gidanta, ka jira mai gadi ya tafi salla. Mu je ka buɗe mana motarka."

Farantan suna nan a but ɗin motar, cikin kwali, jajur. Manaja ya fara in-ina. "Don ke ma na yi, ƙanwata..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan!" Ta ɗaga faranti ɗaya ta duba shi a haske, hawaye na zuba. "Allah ya so ka, suna da rai."

Ta rungumi kwalin ta koma ciki. Da ankwa ta yi ƙara a hannun yayanta, ko waiwayowa ba ta yi ba.