Famfon Kicin Ɗin Mama

Ranar da famfon kicin ya lalace Auta ta fara ganin saurayin, shi ne mai gyaran da aka kira. Da ya gama gyaran, maimakon ya tattara kayansa, sai ya naɗe hannun riga ya hau wanke kwanukan da suka taru.

"Malam, bari! Ai ba aikinka ba ne."

"Gwaji nake yi," ya ce da murmushi. "Da kwano ake gane famfo ya gyaru."

Ta kasa dariya. A daidai inda yake tsaye Mamanta ta yanke jiki ta faɗi bara, soso a hannu, Baba da yayyenta maza suna falo suna jiran abinci. Sai da suka ji ƙauri suka leƙo, lokacin rai ya yi halinsa. Tun daga nan aikin gidan ya dawo kan Auta, kuma duk sanda ta tsaya wanke-wanke sai ta ji kamar tarin Mama a bayanta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ya famfo? Ya kuma mai famfon? Na ga idonki a gajiye."

Rabon da wani ya tambayi gajiyarta har ta manta. Ta rubuta: "Famfo lafiya lau, Injiniya. Mai shi kuma da sauƙi."

Wasa-wasa shaƙuwa ta yi nisa, ya koma kiranta Haskena. Amma da ya turo magabatansa, Yaya Babba ya tuntsire da dariya.

"Wanda na gani yana shanya zannuwan kakarsa? Baba, wannan ai mijin-ta-ce ne tun kafin aure."

Baba bai ɗago ba. "Ba yanzu ba. In ta tafi, wa zai riƙe gidan?"

Tana hawaye ta tura wa saurayin saƙo: "Ka haƙura da ni. Yadda Mama ta zauna, haka zan zauna."

Amsa ta zo nan take: "Haskena, zan jira. Amma wallahi ban yarda rayuwarki ta ƙare a gaban famfon nan ba."

Wata safiya ta tashi da zazzaɓi, ba wanda ya lura. Tana cikin ɗauraya jiri ya kwashe ta, faranti ya tarwatse.

Da ta farfaɗo, kanta yana kan cinyar Baba. Sunan Mama yake ta kira.

"Baba, ni ce."

Ya daɗe yana kallonta. "Ranar ma na ji ƙarar faɗuwar Mamanki, Auta. Na ɗauka murfin tukunya ne. Ban tashi ba." Ya share fuska, ya juya wurin yayyenta da suka yi cirko-cirko a ƙofa. "Kai, ɗauko tsintsiya. Kai kuma kira min yaron nan."

Ranar ɗaurin aure Baba ya haɗa hannayen Auta da angonta cikin nasa. "Allah Ya yi muku albarka. Ka riƙe min ita, kada ka bari ta gaji ita kaɗai."

"In sha Allahu, Baba."

Har sun kai bakin mota, tsohon ya jawo ango gefe, ya yi ƙasa da murya, amma Auta ta ji.

"Ɗana, abin kunna gas ɗin girkin nan, ta wane gefe ake murɗa shi?"

Ango ya miƙa wa abokinsa hularsa. "Haskena, minti biyu." Ya kama hannun surukinsa suka koma ciki, ita kuwa ta tsaya tana dariya, hawaye na ɓata mata kwalliya.